Wasiƙar wata zuwa ga iyaye: maganar "s" ɗin Ingilishi

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara, da fatan kowa lafiya, ya muka ji da zafin garinmu Garwa ta Kamaru?

Watan nan 'yan CM1 da CM2, wato azuzuwa biyu na ƙarshen firamare, sun shiga darasin jam'i a Ingilishi, kuma akwai inda muke so ku kama mana a gida. Yaranmu sun saba da Faransanci, can ana rubuta s a ƙarshen kalma amma baki baya furta ta, livre da livres duk ɗaya ne a kunne, to shi ne suke kwaso wannan sabo su kawo Ingilishi, yaro ya rubuta two books tsaf a allo amma ka ce karanta sai ka ji "tu buk". Wallahi abin na damuna, don a Ingilishi in ka haɗiye s ɗin nan littattafan sun koma guda ɗaya.

Kuma harafin ɗaya ne amma kala 3 yake fita. A books da cats "s" ce zalla. A dogs, pens, bags kuwa "z" ake ji, dogz, penz. Malamarsu ta sa kowa ya ɗora yatsa a maƙogwaro ya ja zzz sai ya ji wurin na rawa, ya ja sss ya ji shiru, wata yarinya a bencin baya har ta ƙi sauke hannu tana ta gwadawa. Na ukun shi ne kalmar da dama ta ƙare da s, sh, ch ko x, nan gaɓa guda ake ƙarawa "iz", bus ya koma buses, box ya koma boxes.

Su man da men, child da children, foot da feet sai dai hadda, sheep ma ko ɗaya ko garke sheep ne. Kar wannan ya tsorata ku, yaron da ya san akuya da awaki, mace da mata ba wanda ya zaunar da shi ai ba za su gagare shi ba.

Roƙonmu minti 5 kawai bayan magariba, ko ba kya jin Ingilishi Hajiya, jera masa kofuna ko cokula ki ce ya ƙirga da ƙarfi, ke dai kasa kunne ki ji ko ƙarshen ya fito. Ranar Juma'a akwai shifta, kowa ya zo da allo da alli.

Shugaban makaranta