Anti, Zafin Garwa da Maganar Nono Zalla

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ni malamar firamare ce a garin Garwa na ƙasar Kamaru, ina da goyon 'yar wata uku. Hutun haihuwa na mako 14 ya ƙare, na koma aji, yarinya tana wuni a hannun Inna, uwar mijina.

A wurin awo an ja mana kunne: nono zalla har wata shida, ko ɗigon ruwa kada a ba jariri, sannan a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Sun ce kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Shekara biyun ba gardama, Inna da kanta takan ce yana cikin Suratul Baƙara. Rigimar a kan ruwa ce. Kin san zafin Garwa a watan Afrilu, sama da digiri 40. Inna ta ce barin jaririya ba ruwa rashin imani ne, su da ruwa da koko suka rene 'ya'ya tara. Ranar Talata na dawo na tarar da ɗan cokali a kofin silba kusa da shimfiɗar yarinyar, ga farin koko a gefen bakinta. Na haɗiye maganata, don ba a musu da suruka.

Abin da ke ci mini rai shi ne yayanta. Shi dakashi ma ba a bari ya sha ba, wai ƙazanta ne, kuma tun yana wata biyu aka fara ɗura masa koko. Ya sha fama da zawo. Yanzu shekararsa uku, sa'o'insa duk sun fi shi tsawo, magana ma sai kame-kame. Ko akwai abin da zan ƙara masa a kunu, kamar gyaɗa, garin kifi ko ƙwai, ya cim musu?

Maigida kuwa ya ce a sayi madarar gwangwani a huta, wai 'ya'yan masu kuɗi da ita suke kaifin basira. Ni ban yarda ba, ga tsada, ga ruwan unguwarmu sai an tafasa.

In na tatsa na bari a kofi mai murfi, awa nawa zai yi bai lalace ba, tunda wuta sai ta ga dama? Kuma ta wace hanya zan shawo kan Inna ba tare da ta ce boko ya sa na raina ta ba? Don Allah ki amsa a shirin Asabar, tana saurare.

Taku,
Maman yara, Garwa