Wasiƙar Godiya ga Kamfanin da Ya Raba Barandata da Gansakuka

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in yaba wa ma'aikata biyu da kuka turo mini.

Barandar tawa tana hawa na 3 ne, a ɓangaren da rana ba ta cika leƙawa ba, kuma tun da ruwan sama ya kankama daɓenta ya yi kore shar, har santsinsa ya sa na hana yara fita. Sau uku ina wanke ta da garin sabulu, amma ko mako biyu ba a yi sai gansakukar ta dawo.

Abin da ya fi burge ni shi ne, kafin su taɓa buroshi sai da babban cikinsu ya tsuguna ya duba rariyar, ya zaro busasshen ganye da ƙasar tukwanen furanni da suka toshe ta. Ya bayyana mini cewa gansakuka ba ta da saiwa irin ta sauran tsirrai, danshi da inuwa kawai take buƙata, don haka muddin ruwa yana kwanciya, wanki ba zai yi maganinta ba. Daga nan suka kankare mai kaurin a bushe, suka kwashe ta a buhu don kada ta koma cikin rariyar, sannan suka zuba bilic da aka sirka da ruwa, suka bar shi kamar minti 15 kafin su goge. Sun ƙi amfani da injin feshi mai ƙarfi, wanda ni da kaina na nema, saboda yana iya cinye simintin da ke tsakanin tayil, ya kuma watsa ƙazanta a kan shanyar maƙwabtan da ke ƙasa, waɗanda ma sai da aka sanar da su kafin a fara.

Ina kuma godiya da gargaɗin da suka yi mini cewa kada in kuskura in haɗa bilic da ruwan khal, domin haɗin yana fitar da iska mai guba, alhali da abin da nake shirin yi ke nan. Na ɗora tukwanen a kan 'yan duwatsu kamar yadda suka ce, kuma yau wata biyu ke nan daɓen yana bushewa cikin sa'a guda bayan ruwa ya ɗauke.

Ina roƙon ku isar musu da gaisuwata. Allah Ya ƙara wa sana'arku albarka.

Naku,
Mai haya a hawa na 3