Wasiƙa daga Chinle, ƙasar Nabaho

Aminiyata Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in daina turo miki hotunan duwatsu, in ba ki labarin mutane. To, Chinle, inda aikin jinya ya kawo mu, ƙaramin gari ne a jihar Arizona, cikin yankin da aka keɓe wa ƙabilar Nabaho. Ki cire Amurkar talabijin daga ranki. Jar ƙasa ce da iska mai ƙura, gidaje a warwatse, dawakai na kiwo a bakin titi. Babbar sayayya sai an je Gallup, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne a nan gida na mace ne. Yaro dangin uwarsa yake bi, kuma a al'adance miji ne ke tarewa wurin dangin matarsa. Tumaki ma galibi na mata ne. Maƙwabciyata tana yawan kai ni wurin kakarta can bayan gari. Tsohuwar ba ta jin Turanci sosai, rediyonta kullum yana kan tashar KTNN mai magana da harshensu, tana zaune gaban masaƙa tana saƙa darduma da gashin tumakinta. Amma ba a yanka dabba, ba a sa ranar biki, sai da yawunta. Jikokin da iyayensu suka tafi neman kuɗi Phoenix duk a hannunta suke, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Gidan babu famfo, Binta. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen yankin haka suke. Ranar Asabar samarin gidan kan ɗora ganguna a bayan a-kori-kura su je su bi layin ruwa. Ruwan da aka wanke kwanuka da shi ba a zubarwa, shuka ake ba wa. Wasu rijiyoyin kuma ba a shan su, domin daga 1944 zuwa 1986 an haƙi yuraniyam, wani ma'adini mai guba da ke gurɓata ruwa, a yankin nan, aka tafi aka bar ramuka sama da 500. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, ganin irin arzikin ƙasar da suke ciki.

Bari in ba ki na daɗi. Idan jariri ya yi dariyar farko, biki ake yi masa, kuma wanda ya sa shi dariyar shi ke ɗaukar nauyin walima. An yi na ɗan maƙwabciyata kwanan baya. Aka zaunar da shi a cinyar uwarsa, aka riƙe ɗan hannunsa, muka bi layi yana miƙa wa kowa ɗan dunƙulen gishiri da alewa, don ya taso da kyauta. Kakar ce ta fara karɓa.

Da suka gane ba ma cin abin da ba yankan Musulmi ba, tsohuwar ta sa aka jawo rago aka miƙa wa Baban Amira wuƙa. Soyayyen burodinsu ma da man gyaɗa aka yi mana maimakon kitsen alade. Burodin nan kamar fanke yake, sai dai ya fi faɗi. Sun ce ya samo asali ne daga fulawar da sojoji suka riƙa raba wa kakanninsu bayan an kora su a ƙafa zuwa wani sansani da ake kira Bosque Redondo a 1864, inda aka tsare su har 1868.

Amira ta shiga ƙwallon kwando, wanda garin nan kaf ke haukarsa. Idan akwai mai zuwa, ki aiko mini da kuka da daddawa, na yi wa kakar alkawarin tuwo. Ki gaida Inna da su Hajiya Babba.

Taki har kullum,
Maman Amira