Godiya ga Baba Maƙeri da Yaran Shagonsa a Daura

Assalamu alaikum, Baba.

A madadin iyalan mahaifinmu marigayi, ina miƙa godiyarmu a bainar jama'a bisa aikin da kuka yi wa bindigar tokar da ya bari. Da aka zo rabon gado, malamin da ya zauna mana ya ce sai an san ƙimarta kafin ta shiga lissafi. Dattawan mafarauta suka ce mu je wurinka.

Kafin ka taɓa ta, takarda ka nema. Ka yi mana bayanin cewa Dokar Makamai ta 1959 ta tanadi lasisi ko ga bindigar da ake ɗurawa ta baki. Ka nuna mana naka izinin gyara, ka kuma ce lasisin marigayi ba ya bin gado, wanda ta faɗo wa sai ya nemi nasa. Mun ji lokacin da kake ce wa yaranka ƙananan bindigogin nan 'yan araha, fistol ƙirar gida, ko nawa aka ajiye ba a karɓarsu a shagon, domin doka ta hana. A jihar da 'yan bindigar daji suka zubar da hawayen mutane, wannan tsayuwa taka ta sanyaya mana zuciya.

Sai aikin kansa. Ka juya bakinta bango, ka zura sanda a ciki, ka fito da ita ka gwada a jikin bututun ta waje. Sandar ba ta kai gindi ba. Ashe akwai tsohon albarushi ɗure a ciki, ga shi jikoki suna wasa a ɗakin da take rataye! Ka jiƙa shi da ruwa, ka kwashe shi a hankali. Bayan nan aka raba ƙarfe da ƙota, aka jera kusoshi a faifai bi da bi don kada su cakuɗe. Ƙaramin yaronka ya zauna da kananzir da tsumma yana bin tsatsa har kunamar da ta ƙage ta koma motsi, sannan aka shafa mai kaɗan. Ƙotar da gara ta fara ci, ka cike ta ba tare da ka kankare zanen da ke jikinta ba.

Wurin ƙima ne ka fi burge mu. Wani dillali ya riga ya zuga mu cewa kayan tarihi ce mai tsada. Kai kuwa ka haska tocila cikin bututun, ka nuna mana ramukan da tsatsa ta ci, ka ce ƙarfen ya yi siriri, kada wanda ya sake ɗura mata albarushi, ko a hawan Sallah ko na Gani, domin tana iya fashewa a hannu. Ka ce kuɗinta ba zai kai na buhun masara ba. Da babban yayanmu ya ce to ka saya, ka ƙi, ka ce bai dace wanda ya yanke farashi ya zama mai saye ba. Kuɗin aiki kawai ka karɓa, shi ma sai da muka matsa.

An yi rabo lafiya, ba wanda ya zargi wani. Allah ya saka da alheri, Baba, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa yaran nan albarka.

Naka,
Ɗaya daga cikin magada, Daura