Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Mai Neman Kujerar Sakataren Jam'iyya

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Labari ya iso gida cewa ka yanki fom za ka nemi sakataren jam'iyyarku na ƙaramar hukumar Sabon Gari, jam'iyyar da kuke cewa ta talakawa ce, ta ma'aikata da kare muhalli. Na sa maka albarka. Abin da zan faɗa maka yana da yawa, shi ya sa na sa shi a takarda don ka riƙa komawa kansa.

Hanyar nan ba sabuwa ba ce a garin nan. Tun da aka kafa NEPU a Kano a 1950, Sabon Garin Zariya na cikin wuraren da ta fi kafuwa, kuma daga nan Hajiya Gambo Sawaba ta fito, ta sha ɗauri da duka. PRP ta ci gwamnan Kaduna a 1979 da Balarabe Musa, aka soke haraji da jangali, majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi a 1981. Kowa ya san wannan. Abin da matasa irinku ke tsallakewa shi ne kafin a kai ga tsigewar, PRP ta riga ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, kowane ɓangare na cewa shi ne jam'iyya. Mutane ne masu aƙida ɗaya, amma ba su da hanyar yanke hukunci da kowa zai yarda da ita. Kujerar da kake nema ita ke riƙe da wannan hanya.

Saboda haka ka fara da rajista. Sabon Gari na da gundumomi 11, kuma kowace gunduma tana bukatar littafinta: sunan mutum, lambar katinsa, rumfar zaɓensa, ranar da ya shiga, da watan da ya biya kuɗin jam'iyya na ƙarshe. A sa ranar rufe rajista, a sanar da ita tun da wuri, a ja layi ƙarƙashin suna na ƙarshe, duk 'yan takara su sa hannu, kowa ya tafi da kwafi. Bayan nan a manna sunayen a ofishin gunduma na tsawon mako guda don mai ƙorafi ya kawo. In ba a yi haka ba, ga abin da ke faruwa: ana gobe zaɓe wani mai kuɗi zai biya wa mutum ɗari biyu kuɗin kati, a kwaso su a mota, su rinjayi waɗanda suka shekara suna zuwa taro. Ba wanda zai iya cewa ba 'yan jam'iyya ba ne, tunda ga kati a hannunsu. Maganinsa a tsarin mulkin jam'iyya yake. Ka duba ko ya faɗi tsawon lokacin da mutum zai yi da kati kafin ya yi zaɓe. In bai faɗa ba, ka kai shawarar a gyara bayan wannan zaɓe. Kada a gyara ana tsakiyar takara, don duk ƙa'idar da aka sauya a lokacin, wanda ya faɗi zai ce don shi aka yi.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta a ba INEC sanarwar kwana 21 kafin taron zaɓen shugabanni ko na fid da gwani, ta kuma ce in za a yi maslaha, sai duk waɗanda aka tantance sun rubuta amincewarsu. Akan yi wa dokar zaɓe gyara, don haka ka riƙe kwafin da ke aiki a lokacin taronku, ka bi kwanakinsa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka raina wannan. A 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC gaba ɗaya a Zamfara saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda ya kamata ba. Jam'iyya mai mulki ke nan. Ku ƙanana ba ku da wanda zai tsaya muku, kuma ka tuna a 2020 INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 a rana ɗaya.

Ranar zaɓe, ka nemi ƙuri'ar sirri, ka ƙi ƙato bayan ƙato. Lebura ba zai bi layin da ya saɓa wa na fomansa ba, ɗan haya ba zai tsaya a bayan abokin hamayyar mai gidansa ba. A gama tantance masu zaɓe, a faɗi adadinsu da ƙarfi, a rubuta, sannan a fara jefawa. A nuna akwati babu komai a ciki. A ƙirga a wurin, a gaban wakilan kowa, kuma jimillar ƙuri'u masu kyau da waɗanda suka lalace kada ta wuce adadin da aka tantance. Wakilinka kada ya bar wurin sai da takardar sakamako mai sa hannu. Wanda ke takara ba ya zama a kwamitin zaɓe, ba ya zama a kwamitin sauraron ƙorafi, haka ɗan'uwansa. Kotuna sukan ɗauki rigimar shugabancin jam'iyya a matsayin maganar cikin gida, saboda haka abin da aka ɓata a filin taro da wuya a gyara shi a gaban alƙali. In ka faɗi a zaɓe mai tsabta, ka miƙa hannu a nan take, ka zo taro na gaba. In an yi maka maguɗi, ka rubuta ƙorafi cikin wa'adi, amma kada ka buɗe wani ofishi ka kira shi ɓangare.

Yanzu maganar ma'aikata, wadda ita ce ta fi damuna. Ka buɗe rajistarku ka ƙirga mutum nawa ne a ciki ke aikin masana'anta a Dakace ko Cikaji, ko a injinan gurzar auduga da matsar mai. In ka tarar ɗalibai da malaman Samaru ne suka cika littafin, to jam'iyyar tana magana ne a kan ma'aikata ba tare da su ba. Ba ƙin zuwa suke yi ba. Taron ƙarfe goma na safe ranar Laraba ba na mai aikin shif ba ne. Ka sa taro kusa da ƙofar masana'anta, lokacin da masu aikin safe ke tashi, kada ya wuce awa ɗaya, kada ya faɗa lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi. A yi shi da Hausa da Turancin buroka, don Sabon Gari ta tara kowa.

Ma'aikaci zai yarda da kai ne ranar da ya kawo maka matsala ka san inda ake kai ta. Dokar Ƙwadago ta ce a ba shi takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata uku. In za a sallame shi, wa'adin ya danganta da daɗewarsa: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda daga biyar zuwa sama. In rage ma'aikata za a yi, dole a sanar da ƙungiyarsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, kuma ƙa'ida ita ce wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya. Doka ta hana a kori mutum don ya shiga ƙungiya. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin jinga. Ta nan ake zillewa. Sai a raba mutanen da ke aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya ga 'yan kwangila uku ko huɗu, ko a riƙa sallamar lebura kafin ya cika wata uku a sake ɗaukarsa a matsayin sabo. Shi ya sa abu na farko da za ka koya wa kowa shi ne ajiye shaida: katin shiga, saƙon banki na albashi, hoton takardar jerin masu aiki, sunan wanda ke ba shi umarni kullum. Da waɗannan ake nuna wa Kotun Ma'aikata wane ne ainihin wanda ya ɗauke shi aiki.

Fansho ma haka. Mai kamfani yana sa kashi 10, ana cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, kuma dole a tura kuɗin cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Sau da yawa ana cirewa ba a turawa. Kowa ya nemi bayanin asusunsa daga kamfanin fanshonsa duk wata uku, ya gwada da takardar albashi.

In inji ya ci hannun mutum, kwanaki ake ƙirgawa. Dokar diyya ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai kamfani, mai kamfani ya kai rahoto NSITF, hukumar da ke riƙe da asusun diyyar ma'aikata, cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Mai kamfani ne ke biyan kashi 1 na jimillar albashi cikin asusun, ba a cire ko kwabo daga ma'aikaci. Abin da ke kashe irin wannan magana shi ne a kai mutum kemis a ɗaure masa hannu, a ba shi 'yan kuɗi, ya dangwala a takardar da bai karanta ba. Ka ce musu sanarwar ta zama a rubuce, a riƙe kwafi, a je asibitin da zai ba da rahoton likita, a rubuta sunayen waɗanda suka gani, a ɗauki hoton injin kafin a mayar masa da murfin bel ɗin da aka cire.

Duk da haka kada ka mai da ƙungiyar ƙwadago reshen jam'iyya. A cikinta akwai ɗan kowace jam'iyya, kuma ƙarfinta ke nan. Kuɗinta ba naku ba ne, kuma ba kai za ka kira yajin aiki ba, don ba albashinka za a riƙe ba.

Sai wurin da abokan tafiyarka masu kishin muhalli suka fi yin tuntuɓe. Gaskiyarsu ce, dagwalon da ake saki cikin rafin Kubanni yana ƙarewa a kogin Galma, da ruwan nan ake ban ruwan tumatir da albasa da rake, kuma abin da majemun Challawa da Sharaɗa suka yi wa ruwan Kano ya isa gargaɗi. Amma ranar da kuka ɗaga kwali kuna cewa a rufe kamfani, kun rasa duk wanda ke ciki, shi da matarsa da mai sayar masa da abinci a bakin ƙofa. Mutanen jihar nan sun ga rufewa. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta tsaya a 2002, wasu suka biyo baya saboda rashin wuta, tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri, kuma ma'aikata sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Wanda ya ga haka ba ya jin kalmar rufewa da sauƙi.

Ka fara daga cikin masana'anta, domin gubar da ta isa rafi ta fara bi ta huhun ma'aikaci da fatarsa. Mai aikin auduga da ƙirjinsa ke riƙewa a ranar farko bayan hutu, ƙurar auduga ce ke cinsa, kuma yana bukatar injin zuƙe ƙura da takunkumi na gaske, ba ƙyalle ba. Shi ne kuma ya san bututun da ake buɗewa da dare. In za ku ɗebi ruwa don gwaji, ku ɗiba a wuri biyu, sama da bakin bututun da ƙasa da shi, cikin kwalba mai tsabta, a rubuta rana da lokaci da wuri, a sa a ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji a ranar. In babu na sama, kamfani zai ce ruwan da ma haka ya zo. Sannan a rubuta wa KEPA da NESREA, hukumomin kare muhalli na jiha da na tarayya, a karɓi hatimin shaidar an karɓa. Abin da za ku nema shi ne a gina wurin tace ruwa cikin wa'adi sananne, kuma in aka dakatar da wani sashe don gyara, albashi ya ci gaba. Jamus, inda jam'iyyar masu kare muhalli ke majalisa tun 1983, ba ta sa ranar daina kwal ita kaɗai ba. A 2020 ta sa 2038, ta kuma ware har yuro biliyan 40 don yankunan da ke ci daga kwal. Ba ku da irin kuɗin nan, amma kuna iya ƙin sa hannu a duk buƙatar da ba ta faɗi inda ma'aikaci zai kwana ba.

Za a kawo maka tayin biyan hayar ofis da kuɗin mota. Ka tambayi kanka ko mai tayin yana da masana'anta, ko kwangilar kawo leburori, ko kujerar da yake hange. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Gara naira ɗari biyu-biyu daga mutum ɗari uku, da rasit, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane taron wata, kuma kuɗi kada ya fita daga asusu sai da hannun mutum biyu. Kada ka ɗauki 'yan sara-suka ko da sunan tsaro ne. Sunayen ma'aikatan da suka ba ka labari kuma kada su shiga wayarka ko littafin taro, don aikinsu ne ke cikin haɗari.

Ka turo mini kwafin tsarin mulkin jam'iyyar in duba sashen zaɓe kafin a rufe rajista. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka kawo yara ranar Asabar. Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka.

Mahaifinka,
Zariya.