Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Doug Collins, Sakataren Kula Da 'Yan Mazan Jiya Na Amurka

Mai girma Sakatare,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na rubuto ne in tuna maka da wani bawan Allah da ya riga ka shiga irin aikinka, marigayi William Mahedy, wanda ya rasu a 2011 bayan ya shafe shekaru masu yawa yana hidima a San Diego. Da wani ne a kan kujerar nan, da sai na tsaya dogon bayani kan abin da limamin sojoji yake gani. Kai kuwa ka riƙe coci a jihar Jojiya, kuma a 2008 ka je sansanin Balad na Iraƙi a matsayin limamin sojojin sama. Ka san irin maganar da soja ke yi da tsakar dare, wadda ba zai taɓa yi wa kwamandansa ba.

Mahedy fada ne na ɗariƙar Katolika lokacin da ya tafi Biyetnam a matsayin limamin sojojin ƙasa. Bayan ya dawo ya ajiye wannan muƙami, ya yi aure, daga baya ya zama limami a cocin Episkofal. Amma ba rigar limanci ce ta sa ake tunawa da shi ba. Abin da ya sa shi ne zaman da ya yi da waɗanda yaƙin ya dawo da su gida a ruɗe. Amurkawa kusan miliyan 2.7 ne suka yi aiki a Biyetnam, sama da 58,000 ba su dawo da rai ba, waɗanda suka dawo kuwa suka tarar ƙasa ba ta son jin labarinsu. Da yawansu ko ƙofar asibitin gwamnati ba sa son gani, domin a wurinsu gwamnatin da ta tura su ce ke zaune a ciki. Likitoci ma sai a 1980 suka shigar da ciwon firgicin bayan bala'i cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa. Kafin nan, mutum na iya kwana yana zabura, a ce masa lafiyarsa lau.

Mahedy da abokin aikinsa Shad Meshad, shi ma ɗan mazan jiyan Biyetnam, suna cikin waɗanda suka tsara mafitar da ta zama cibiyoyin Vet Center, wato wuraren ba 'yan mazan jiya shawara. Majalisa ta amince da su a 1979, zamanin Shugaba Jimmy Carter, lokacin da Max Cleland ke shugabancin hukumar da ka gada, mutumin da ya baro ƙafafunsa biyu da hannu ɗaya a wannan yaƙi. Dabarar ba ta da wani ƙawa. A fitar da ofishi daga asibiti, a kai shi cikin unguwa. A zaunar da wanda shi ma ya ji ƙarar harsashi. A ɓoye sirrin mai zuwa, kada abin da ya faɗa ya bi shi wani wuri ba da yardarsa ba. Yau cibiyoyin sun kai 300, ban da motocin da ke zagayawa karkara.

Akwai abu biyu da marigayin ya gane da wuri. Na farko, a littafin da ya fitar a 1986 ya nuna cewa ba tsoro kaɗai ke cin waɗannan mutane ba. Wani abin da ya aikata ne ke hana shi barci, wani abin da ya gani ya kasa hanawa, wani kuma imaninsa ne ya tsinke, da Ubangiji da ƙasar da aka ce masa tana kan gaskiya. Ƙwayar magani tana iya sa mutum barci, amma ba ta amsa masa tambayar ko za a yafe masa. Wannan tambaya limami ake kai wa, fasto ne ko malami ko rabbi na Yahudawa, kuma limamin da ya iya yin shiru ya saurara.

Na biyu ya fi damuna, shi ne ma dalilin wasiƙar. Soja ba ya dawowa barikin da ya bari, gida yake dawowa. Matar da ta yi ta ƙirga kwanaki sai ta ga an dawo mata da wani mutum dabam: ba ya magana, ba ya zama inda bayansa ke kallon ƙofa, ƙaramin abu ya hau faɗa. Yara su koyi taka ƙasa a hankali. Ita ce ke tashi idan ya farka a firgice, ita ke ba maƙwabta haƙuri, ita ke ɓoye makullin mota ranar da ya sha. Sau tari ita ce ke fara neman taimako, shi yana cewa ba komai. Haka abin yake idan matar ce ta je fagen daga, mijin ya zauna da yara. Shi ya sa shawarar aure da ta iyali da cibiyoyin ke bayarwa kyauta, har da zaman rarrashi ga iyalan da nasu ya rasu a bakin aiki, ba ƙari ba ce da za a fara yankewa idan kuɗi ya yi kaɗan. Idan aure ya mutu, mutumin ya rasa na ƙarshe da ke lura da shi. Rahoton ma'aikatarka ya ce 'yan mazan jiya 6,407 ne suka kashe kansu a 2022, kusan mutum 17 ko 18 kowace rana. Layin gaggawa na 988 yana da amfani, ban raina shi ba, amma wanda ya kira shi ya riga ya kai gaɓar rami.

To, ranka ya daɗe, ga inda gizo ke saƙar. A 2025 an ji shirin rage ma'aikata kimanin 80,000 daga ma'aikatarka, daga baya aka ce kimanin 30,000 ne za su ragu ta hanyar ritaya da ajiye aiki. Ka sha cewa hidima ba za ta taɓu ba. Ina so in yarda. Sai dai mai ba da shawara da ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba, a takarda ba kora ba ce, amma a wurin mutumin da ya ɗauki shekara uku kafin ya buɗe masa baki, duk ɗaya ne. Ba zai sake ba wani baƙo labarin daga farko ba. Gida zai koma.

Tun 2020 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisa ya ja hankali kan ma'aunin ƙwazo da aka ɗora wa masu shawara a waɗannan cibiyoyi, inda ma'aikata suka koka cewa yawan mutanen da ake so su gani yana rage lokacin da suke ba kowa. Zaman miji da mata ya fi na mutum ɗaya cin lokaci da wahala, don haka shi ne zai fara shan kashi a duk inda ake ƙirga kawuna.

Roƙona ke nan. Ka fito fili ka ce duk gurbin mai ba da shawara da ya faɗi a Vet Center za a cike shi, kuma a riƙa wallafa adadin guraben da ke fanko jiha-jiha kowa ya gani. Ka tabbatar kowace cibiya tana da ƙwararre kan aure da iyali, a kuma auna aikinsa da ma'aunin da ya dace da shi. Sannan ka haɗa cibiyoyin da limaman unguwanni na kowane addini, a horar da su gane alamun haɗari, tunda ƙofarsu ake fara ƙwanƙwasawa. Idan kuma akwai niyyar karrama Mahedy, a sa sunansa a kan shirin horar da waɗannan limamai, a ware masa kuɗinsa a kasafin shekara mai zuwa.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai bibiyar al'amuran 'yan mazan jiya