A Riƙa Buga Labaran da Suka Ci Gasar Marubuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da gasannin da ake shirya wa sababbin marubutan Hausa.

Duk wanda ya san tarihin adabinmu ya san cewa gasa ce ta haifi ƙagaggun labaran Hausa na boko. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malamai su rubuta labarai, kuma daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin da ya sa sunayensu suka ɗore shi ne an buga littattafan, an kai su makarantu, yara suka tashi da su a hannu. Haka aka yi bayan gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, inda So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980.

A yau muna yaba wa Sashen Hausa na BBC bisa gasar Hikayata, wadda tun 2016 take fito da mata marubuta, ana kuma karanta labaransu a rediyo. Sai dai galibin gasannin da ƙungiyoyi da masu hannu da shuni ke ɗaukar nauyi a tsakaninmu suna ƙarewa ne a ranar biki. A miƙa kambu da ambulan, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Yarinyar da ta kwana tana danna waya har ta kammala labarinta sai ta koma WhatsApp tana sayar da shafi-shafi a kan kuɗin da bai kai na data ba, ba ta da editan da zai nuna mata inda zaren labarin ya tsinke, balle mai gyara mata ƙa'idojin rubutu.

Saboda haka ina kira ga masu shirya gasa da su ware wani kaso na kuɗin biki domin tace labaran da suka yi fice a buga su, sannan alƙalai su rubuta wa waɗanda ba su kai labari ba dalilin faɗuwarsu, ko da a layi biyar ne. Ma'aikatun ilimi na jihohin Arewa kuma su sayi littattafan su raba wa makarantun sakandare.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Tudun Wada, Zariya